Makullin Mashin ɗin Mannir

Sunana Rauda. Mannir ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kunka sani da Dogo mai kabu-kabu a cikin shirin asibitin nan na talabijin, Layin Kati. Malam Sharifuddeen, wanda ka shirya wasan, yac ce tunda shirin ya cika shekara goma sha fuɗu za su buga ɗan littafi, kowane ɗan wasa wani nashi shi rubuto abin da yas sani game da shi. Nic ce Malam, ni aji shida da ƙyar nif fita. Yac ce ki rubuta yadda kike magana. To ga shi. Yau zuciyata fari ƙal, saboda abin da yaf faru jiya, amma bari in faro tun daga farko.

Mu uku iyayenmu sunka bari a Fakku: ni babba, sai Zahara'u, sai Mannir auta. Innarmu ta rasu shina ɗan shekara tara, don haka kusan ni nir rene shi. Gajere na tun shina yaro, har yau bai ƙara wani tsawon kirki ba. Sunan Dogo 'yan wasa sunka liƙa mashi don tsokana. Noma bai dame shi ba, ƙarfe yad dame shi. Shina shekara sha bakwai ya iya mashin, shina sha tara Baba yas sayar da ɗan maraƙi yas saya mashi nashi.

A Fakku lokacin nan, wanda duk yam mallaki mashin shi na motar asibiti. Nan Mannir yak koyi ɗaukar marar lahiya. A tsakiya za a aza mutum, ɗan'uwanai a baya shina tallabe da shi, a kawo zane mai ƙarfi a ɗaure marar lahiyan da ƙugun mai tuƙi. Kuma sai an sa mashi takalmi, don wanda jikinai yam mutu bai jin salansa tana ƙona mashi ƙafa. Mata, tsofaffi, wanda maciji yas sara a gona, duk ya kai su asibitin Kebbe.

Zahara'u tana aure a unguwar gabas, mijinta Namadi. Shekarar da abin yaf faru, an gama girbi Namadi ya tahi cin rani Kurmi, can kudu, ya bar ta da tsohon ciki. Waya kuwa ba ta kamawa a garinmu lokacin.

Da hantsi naƙuda tat tashi. Kafin azahar namijin yaf fito, Hassan. Ashe biyu na. Na biyun yaƙ ƙi zuwa, sai jini. Ungozoma tad dube ni tac ce, "Rauda, wanga ya fi ƙarfina. Ku kai ta."

Mannir shina ƙofar gida tun ɗazu, ya juya kan mashin yamma, shina jira a ce a fito da ita.

A wurinmu ba a fidda matar mutum daga gidanai sai da izini. In mijin ba shi nan, sai ubanai. Uban Namadi kuwa, Baba Tambaya, ya tahi kasuwar wani ƙauye tun da safe. Kuma ni da idona nig ga wata a unguwarmu wadda danginta sunka kai asibiti mijin bai sani ba, yad dawo yab ba ta takarda. Abin nan shi nika gani gabana. Nif fita, niz zare makullin daga jikin mashin, niɗ ɗaure shi a haɓar zanena, ƙulli biyu.

Mannir yac ce, "Adda, ki ba ni."

Nic ce, "A jira Baba Tambaya."

"Adda, jini taka zubarwa. Ki ba ni, in an yi faɗa a yi da ni."

"Kai yaro na, mi kas sani? So kaka yi a sake ta da ɗanyen jego? Ina za ta kai 'ya'ya biyu?"

Da ya so ƙwacewa da ya ƙwace, ƙarfinai ya fi nawa. Amma ni nig goye shi, bai iya kai hannu jikina. Sai yaz zube takalmi yak kama hanyar kasuwa da gudu, a ƙasa. Wajen la'asar yag gamu da tsohon shina dawowa bisa jaki. Da sunka iso, Baba Tambaya ko sauka bai yi ba yac ce, "Subhanallahi! Mi kuka jira? Ni kuka jira? Ku kai ta mana!"

Wannan maganar ban taɓa mantawa da ita ba. Ko tunani bai tsaya yi ba.

Nik kwance makullin nib ba Mannir, munka ɗaure ta, ni a baya. Gab da magariba munka shiga Kebbe. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ina shaida. Sun fidda macen da rai, Husaina. Zahara'u ba ta ga fuskarta ba. Hassan kwana uku yay yi yab bi uwatai.

Da Namadi yad dawo bai ɗora ma kowa laifi ba, yac ce kwana na yaƙ ƙare. Ina da goyo lokacin, sai nih haɗa Husaina da tawa nis shayar. A hannuna tat tashi, Inna taka ce mani. Abin da tas sani, uwatta ta rasu wurin haihuwa. Gaskiya ta, amma ba duka ba.

Mannir kuwa ko kalma ɗaya bai taɓa ce mani ba kan zancen. Bayan sadakar arba'in yat tattara yak koma Tambuwal kabu-kabu. Sai dai tun daga ranar yas samu igiya doguwa yar rataya makullin a wuyanai. Ko shina tuƙi, makullin na jikin mashin, igiyar na wuya. Wurin wanka da shi, wurin alwala da shi. Duk Sallah zai zo gaishe ni, shi ci tuwona, shi yi wasa da yara, amma bai taɓa aje makullin nan cikin gidana ba. Mutane na cewa iyayi na. Ni kaɗai nis san mi yas sa.

Yadda yas shiga wasa kuwa, shi da kainai in shina ba da labarin sai ya yi dariya. Shekara biyu da komawa Tambuwal, ya sauke fasinja Dogon Daji shina dawowa, sai yag ga wani gini bakin hanya an kafa allo an rubuta asibiti. Ga mutane sun aza wata mata a bayan mashin ita kaɗai, kai ya langaɓe, ƙafa ba takalmi. Yat taka burki yad dira shina faɗa.

"Kai! Ku sauke ta! Haka aka ɗaukar mutum? Buhun gero ta?"

Sai wani mai hula hana-sallah yat taso, Malam Sharifuddeen kenan, mutumin Zariya. Yac ce, "Bawan Allah, kai kuma daga ina? Ka ɓata mana ɗauka!"

"Ɗauka? Ai ɗaukar ta ba ku iya ba! Kafin ku kai kwana ta faɗi."

Sai marar lahiyar tab buɗe ido tak kwashe da dariya. Nan yag ga kyamara. Kunya tak kama shi za shi gudu, Malam yar riƙe hannunai yac ce, "Tsaya. To nuna mana yadda ake yi." Yan nuna musu, har da zancen takalmi da salansa. Malam yag gama kallo, sannan yac ce da wancan mai mashin ɗin, "Sauka." Kashi na uku kenan na Layin Kati. Yanzu sun wuce ɗari shida, kuma Dogo bai fita ba.

Ginin nan da kuka gani a talabijin kamar babban asibiti, tsohon ɗakin ajiyar hatsi na. Da kyamara ɗaya sunka fara, da gado shida na aro. Jinin da kuka gani zoɓo na da ɗan sitaci. Da farko zuma suna sawa don shi yi kauri, sai tururuwa tah hau wani da anka ce shi yi suma, yam miƙe shina tsalle shina sosa. Janareta rami sunka gina mata can nesa don ƙara. Ranar kasuwar Tambuwal ba a ɗauka saboda manyan motoci. In jaki yaf fara kuka, likita da marar lahiya duk sai su zauna su jira shi gama.

Akwai Hajiya Atu, tsohuwar nas wadda tay yi ritaya, ita af fito a matsayin babbar ma'aikaciyar jinya. Ba a ɗaura ruwa ko a soka allura a wasan sai ta duba. Tana cewa mutanen ƙauye abin da sunka gani shi za su yi, don haka ba a yi musu ƙarya. Shekara ta tara Allah yay yi mata rasuwa. Ba su sa wata a madadinta ba. Kujeratta tana nan a ɗakin, da mayafinta rataye, in kun lura.

Abin da ba a nunawa a talabijin shi na wanga. Mutanen ƙauyuka in sun ga allo, ga masu fararen riguna na kai da kawowa, sai su kawo marar lahiya na gaske. Har sunka koma cire allon da zarar an tashi, amma bai hana ba. To duk wanda anka kawo, Mannir ka ɗaukar shi zuwa asibitin gaske cikin gari. Ko ana tsakiyar ɗauka, in yaj ji kukan da ba na wasa ba, ya tahi. Malam ya daina faɗa, sai dai shi ce, "A kashe kyamara, Dogo ya fita aiki."

Sau biyu shirin na tsayawa. Sau ɗaya gidan talabijin sunka aje shi har wata bakwai, sau ɗaya shekarar korona. Wasu 'yan wasan sunka watse, wasu sunka tahi Kano. Mannir duk mako sai ya je ya share ginin, ya kore awaki. A wasan kuma maganatai ba ta da yawa. Kusan kullum guda ta: "Ku riƙe ta da kyau, mu tahi." Yanzu in ya ratsa gari ita yara ka bin shi da ita.

Malam Sharifuddeen shina da ƙa'ida guda. Labarin Layin Kati ba ƙirƙira ta ba, daga bakin mutane aka samowa. Kuma bai ɗaukar labarin kowa, ko an canza suna, sai masu shi sun ce da bakinsu sun yarda. Ya ce tsakanin Kebbe da Tambuwal kowa ya san kowa, canza suna bai ɓoye mutum. Mannir ya kawo musu da yawa: na wanda maciji yas sara anka tsaga wurin da aska, na yarinyar da tas sha maganin feshi a gorar lemo. Ni kuwa duk Lahadi bayan la'asar in na zauna kallo, tsoro nika ji kada in ga namu labarin.

Wata rana matar Mannir, Ruwaida, tac ce mani, "Adda, kin san ya ba su labarin marigayiya? Tun tuni. Izini aka jira."

Nic ce a raina Namadi na yaƙ ƙi. Kuma zan faɗi gaskiya tunda na zo faɗi: na ji daɗi. Har addu'a niy yi Allah shi ƙara taurara zuciyar Namadi. Don in anka nuna, Husaina za ta gani, kuma ba wanda zai gaya mata wace ta mai makulli, da kanta za ta gane.

Haka munka zauna shekaru.

Bara bayan babbar Sallah Ruwaida tah haihu, nit tahi Tambuwal suna. Washegari nik kai ma 'yan wasan waina wurin ɗauka. Malam Sharifuddeen yab ba ni kujera, ya tsufa, gemu duk fari. Yac ce idonai ya fara ba shi wahala, bai san shekara nawa tar rage mashi a aikin ba. Yaj jawo akwatin tebur yan nuna mani wasu takardu da sunka yi ja don daɗewa.

"Wannan ne kaɗai nake jin tsoron in mutu ban ɗauka ba."

Nig gane labarin Zahara'u na. Nic ce, "Ai Namadi akwai taurin kai, Malam."

Yad dube ni. "Namadi? Namadi ya zo nan da ƙafarsa shekara tara da suka wuce. Ya ce a yi, ko da sunansa ne."

"To wa aka jira?"

Yam maida takardun cikin akwati. Sannan yac ce, "Hajiya, Mannir ya hana ni in tambaye ki. Ya ce in kin zo da kanki, to. In ba ki zo ba, a bar shi a akwati. Na ce masa mu sauya, mu ce mai ne ya ƙare a mashin. Ya ce ba mai ne ya kashe ta ba. In an yi ƙarya ba wanda zai amfana, in an faɗi gaskiya Addarsa za ta ji ciwo. To shi ya zaɓi ya jira."

Nif fito nis samu Mannir bayan ginin shina wanke mashin, igiyar na lilo a ƙirjinai.

Nic ce, "Auta."

"Adda, kin kawo waina ba ki kira ni ba? Waɗancan likitocin ƙarya sun cinye ko?"

"Shekara tara kana jirana ba ka faɗi ba?"

Yad daina wankin. Bai ɗago ba. Yac ce, "Ranar nan na roƙe ki sau biyu. Ban son in sake roƙonki wani abu da za ki ce a'a."

Niz zauna bisa wani bulo. Nic ce, "Husaina fa?"

"Ita ta sa ban matsa ba. Ke kir rene ta. Ban raba ku."

Ban ce mashi i ba, ban ce a'a ba. Nik koma Fakku.

Mako uku bayan nan, da rana tsaka, nij ji hayaniya gidan maƙwabta. Matar ɗansu na kan gwiwa tun safe, mijin na Kurmi. Yanzu akwai waya, amma tashi a kashe take. Nis shiga nis samu uwar mijin tsaye bakin ƙofa tana cewa, "A ƙara kira. Ba a fita da ita bai sani ba." Ga mai mashin a waje shina jira. Wallahi kamar ni nika kallon kaina. Ban san lokacin da nit ture ta gefe ba. Nic ce, "Ni na taɓa jira. In kina son ki ga inda jirana yak kai, zo in kai ki maƙabarta." Anka fitar da yarinyar. Tana nan da ranta, da ɗanta.

A ranar nig gane shekara goma sha biyar sun wuce amma ƙofar nan ba ta canza ba.

Ban so Husaina ta ji a talabijin. Da safe muna ɓarar wake a tsakar gida, nig gaya mata komi, har ƙulli biyun. Hannunta yat tsaya cikin ƙwarya. Tac ce, "Da kin ba shi, da ta rayu?"

Nic ce, "Allah kaɗai yas sani. Amma da an kai ta da azahar, ba da magariba ba."

Ba ta yi kuka ba. Tat tashi taw wanke hannu, taɗ ɗaure kayanta, tak koma gidan ubanta Namadi. Wata biyar. In munka gamu a hanya tana durƙusawa ta gaishe ni, ina kwana, ina wuni, amma kalmar Inna ba ta sake fitowa bakinta ba. Ban ga laifinta ba. Duk da haka nik kira Malam a waya nic ce na yarda, a yi, kuma kada a rage komi.

Ranar ɗauka sunka aiko in zo. A wani gida na ƙauye kusa da Tambuwal anka yi. Najiba, wadda kunka sani tana fitowa mai sayar da abinci bakin asibiti, ita anka ba matsayina. Da anka gwada na farko, taz zare makullin tana zare ido tana tsawa kamar muguwa. Nic ce Malam a tsaya.

Nic ce, "Ɗiyata, ba haka ba na. Ni ba ƙinta nika yi ba. Aurenta nika tsarewa. In kin yi shi da mugunta, kowace mace za ta ce ai ni ba haka nike ba."

Najiba tac ce, "To Adda, ya kinka ɗaure shi?"

Nik karɓi makullin wasan, nik kama haɓar zanena nin nuna mata. Hannuna bai manta ba. Sai da nig gama ƙulli na biyu nig ga mai kyamara ya juya baya.

Da anka zo wurin da Dogo zai ce a ba shi, Mannir yab buɗe baki magana taƙ ƙi fita. Mutumin da shekara goma sha fuɗu bai taɓa mance layinai ba. Da ƙyar yac ce, "Adda, ki ba ni," kuma ba Najiba shika kallo ba. Malam bai ce a yanke ba. Abin da kunka gani jiya shi na wancan, sau ɗaya anka ɗauka.

Ƙarshen kashin Malam yat tahi wurin malamai sunka duba mashi. Shi na inda liman ka gaya ma maza cewa in rai na cikin haɗari ba a jiran kowa, sannan mai tahiya cin rani shi tsaya ƙofar gidanai gaban shaidu shi ce ya bar izini, duk abin da yat taso a kai iyalinai asibiti.

Jiya Lahadi anka nuna. Namadi yas sa anka fito da talabijin mai aiki da hasken rana a filin ƙofar gidanai, anka shimfiɗa tabarmi, maza gaba, mata ta gefen danga. Mannir ya zo tun da azahar. Na so in zauna gida, nic ce a'a, tunda ni niɗ ɗaure, ni zan zauna a gani. Niz zauna can ƙarshen tabarma. Kowa ya san labarin wa za a nuna, ba mai kallon inda nike.

Da Najiba tak kama haɓar zane, ko tarin yaro ba ka ji. Sai wata tsohuwa bayana tac ce a hankali, "Wallahi da ni ta, haka zan yi." Wata tac ce, "Ni ma." Ba su faɗi don su faranta mani ba, tsoro na a muryarsu.

Ina duƙe nij ji an tsaya kaina. Husaina ta. Tac ce, "Inna, matsa mani."

Nim matsa. Taz zauna, kafaɗarta na taɓa tawa. Har anka gama tana nan.

Da anka kashe talabijin Namadi yam miƙe. Jibi za shi Kurmi. Yac ce, "Jama'a ku shaida. Na bar izini. Matata, ɗiyana, duk wanda ciwo yak kama, a kai shi. Kada a jira ni, kada a jira kowa nawa." Mutum fuɗu sunka tashi bayanai sunka faɗi haka. Wani yac ce shi sai ya yi shawara, anka yi mashi dariya, anka ce da wa, da jakinka? Ban san ko zai ɗore ba. Amma na ji da kunnena a Fakku.

Sai anka kira magariba. Maza sunka nufi butoci. Mannir yar ratso ta gefen mata, yara na bin shi suna ku riƙe ta da kyau mu tahi. Yat tsaya gabana. Yas sa hannu yaf fidda igiyar daga wuyanai, wurin har ya yi zane fari a fata. Yam miƙo mani.

"Adda, riƙa mani in yi alwala."

Nik karɓa da hannu biyu. Ban ɗaure shi ko'ina ba. A tafin hannuna nib bar shi, a buɗe, inda kowa ka gani, har yad dawo daga masallaci.